Tamowa da Teɓa a Gida Ɗaya: Saƙon da Ɗaliban Gaya da Ajingi Za Su Kai Gida

Idan mutum ya dawo daga tafiya a ƙasar Hausa, jikinsa ake fara dubawa kafin jakarsa. In ya murje ya yi kumatu, sai ka ji ana cewa, "Kai wane, lallai birni ya karɓe ka!" In kuwa ya dawo a bushe, sai a shiga tambayar ko jinya ya yi. Haka ake yi wa amarya bayan ta yi wata uku a ɗakinta, haka ake yi wa jariri ranar da aka kai shi gidan kakanni. A wurinmu ƙiba shaidar hutu ce da wadata, rama kuwa alamar wahala. Kuma ba a banza muka ɗauki wannan ra'ayi ba. Kakanninmu da suka ga farin 1973 da na 1984 suna da dalilin yin murna in sun ga jika ɓul-ɓul.

Saboda haka na san wani ɗalibin zai ga kan wannan rubutu ya yi dariya. A Gaya da Ajingi, inda gidaje da yawa rumbunsu kan ƙare tun kafin sabon gero ya nuna, wa ke maganar ƙiba? Tambayar tana kan hanya. Binciken lafiya na ƙasa da aka gudanar a 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A Jihar Kano abin ya haura rabi. Yaran da nauyinsu ya wuce kima kuwa kashi 2 ne kacal. Don haka babu mai musun cewa tamowa ce babbar matsalarmu a yau.

Sai dai wannan binciken ya auna mata masu shekara 15 zuwa 49, ya tarar kashi 28 cikin 100 nauyinsu ya wuce kima, alhali waɗanda suka rame ƙwarai kashi 12 ne. Abin ya fi yawa a birane, amma bai tsaya can ba. Ana iya shiga gida ɗaya a ga uwa tana fama da teɓa da hawan jini, ga kuma ɗan yaye a gefenta ya tsumbure. Tukunya ɗaya suke ci.

Sauran duniya ta riga mu shiga wannan hali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 1990 kashi 8 cikin 100 na yara da matasa masu shekara 5 zuwa 19 ne nauyinsu ya wuce kima, amma zuwa 2022 sun kai kashi 20. A watan Satumban 2025 kuma Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNICEF, ya sanar da cewa a karon farko masu teɓa a cikin wannan rukuni sun fi masu ƙarancin nauyi yawa a duniya, kimanin miliyan 188. Yankuna biyu ne kawai al'amarin bai juya ba tukuna: Afirka kudu da Sahara da Kudancin Asiya. Mu ke nan a ciki. Abin da ya rage mana shi ne mu ga ta wace ƙofa abin yake shigowa, tun ƙannenmu ba su girma a cikinsa ba.

Jikin da ya san yunwa

Mutane da yawa suna ɗauka teɓa ciwon 'ya'yan masu kuɗi ne. A da kam haka ne. Yanzu a ƙasashe irin su Amurka da Ingila, 'ya'yan talakawa ne suka fi fama da ita, domin abincin da ya fi araha shi ne mai yawan mai da sukari. Akwai kuma wani dalili na biyu, wanda ya fi shafar mu.

A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, daga ƙarshen 1944 zuwa watan Mayun 1945, sojojin Jamus sun hana abinci isa yammacin ƙasar Holan, aka yi yunwa mai tsanani. A 1976 masana suka wallafa bincike a kan samari kusan dubu 300 'yan shekara 19 da aka auna lokacin ɗaukar soja. Sai aka gano waɗanda yunwar ta same su suna cikin watannin farko a cikin uwa sun fi takwarorinsu yawan teɓa. Bayan haka wani likita ɗan Ingila mai suna David Barker ya nuna cewa jariran da aka haifa da ƙarancin nauyi sun fi fuskantar ciwon zuciya a lokacin manyanta.

Bayanin da masana ke bayarwa mai sauƙin fahimta ne. Jikin da ya fara rayuwa cikin rashi yana koyon tattali, kamar matar da ta saba da ƙaramin cefane. Duk abin da ya samu sai ya ɓoye. Idan daga baya wannan jiki ya haɗu da lemon kwalba da soye-soye da zama wuri ɗaya, sai ya ci gaba da ɓoyon, yana tara kitse musamman a ciki, tsawo kuwa ya riga ya wuce shi. Daga nan ake samun ciwon suga da hawan jini ga mutumin da bai taɓa zama mai kuɗi ba. Yanzu ku tuna cewa sama da rabin yaran Kano sun tsumbure, ku gane dalilin da ya sa maganar nan tamu ce.

Idan aka bar gona

Tafiya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Gaya. Tarihin baka ma ya ce maƙeran farko da suka zauna a gindin Dala, waɗanda ake kira Abagayawa, daga Gaya suka taso suna neman tama. Har gobe da an gama kaka samari kan kama hanyar Wudil, wasu su tsaya a Kano suna dako a Singa da Dawanau da Kwari, wasu su wuce Abuja da Legas da Fatakwal cin rani. 'Yan mata kan tafi aikatau. Wani lokaci gida gaba ɗaya ke tashi ya koma bayan gari a birni. Ta ɗaya ɓangaren kuma Jihar Kano ta karɓi baƙi: waɗanda rikici ya koro daga Borno da Yobe, waɗanda 'yan bindiga suka tayar daga Zamfara da Katsina, Fulanin da shanu suka ƙare musu suka zauna a gefen gari, da mutanen Nijar masu zuwa neman abin kai.

Duk wanda ya bar gonarsa, abincinsa ne ke fara canzawa. A ƙauye ko gida ya talauce, akwai zogale a jikin danga, akwai kuka da busasshiyar kuɓewa, akwai rama da tafasa da damina, akwai ɗan wake a tukunya. A ɗakin haya komai da kuɗi ake saye, har itacen girki. Wake yana cin wuta, taliyar leda kuwa minti kaɗan ta dahu. Uwar da ta fita wankau ko surfe tun safe ba ta da lokacin tuƙa tuwo sau biyu, sai ta bar wa yara kuɗi su sayi abin da za su sa a baki. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024, kamar yadda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana. A irin wannan yanayi nama da ƙwai da kifi ne ke fara fita daga tukunya. Abin da ke saura shi ne tsaba da mai da sukari, wato abin da ke cika ciki ba ya gina jiki.

Shi ya sa yaro zai iya yin ƙiba alhali jininsa bai isa ba. Binciken 2018 ɗin nan ya tarar kashi 68 cikin 100 na yara 'yan wata 6 zuwa wata 59 suna da ƙarancin jini. Kumatu ba sa nuna wannan.

Waɗanda suka tsaya a gida ma abin bai bar su ba. Ɗan cin rani in zai dawo sallah, tsarabarsa biskit ce da alawa da katan ɗin lemo, domin su ne shaidar ya samo. Motocin da ke kai hatsi da dabbobi birni ba sa dawowa wayam, kwalayen kayan zaƙi suke kawowa har ƙauyen da babu kwalta. Ni ban ga laifin mai tsaraba ba, so ne ya sa. Abin dubawa shi ne abin da a da sai ranar sallah ake gani, yanzu ya zama na kullum.

Lissafin kuɗin tara

Bari mu zo ƙofar makaranta, inda kowannenku yake da iko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2015 cewa sukarin da ake zubawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke samu daga abinci a rana. Ga babban mutum wannan kusan giram 50 ne, wato ƙaramin cokalin shayi 12. Ta ce in an rage zuwa rabin haka, cokali 6, ya fi. Yaro kuwa kasonsa bai kai na babba ba.

To, lemon kwalba irin wanda muka saba da shi galibi yana ɗauke da kusan giram 10 na sukari a kowane mililita 100. Robar da aka rubuta wa 50cl mililita 500 ce. Ninka 10 sau 5, ka samu giram 50. Ƙaramin cokali ɗaya kusan giram 4 ne, don haka raba 50 da 4: cokali 12 da ɗoriya a roba guda. Da za a zuba maka cokali 12 na sukari a kofi a ce ka shanye, da ka ce an raina maka hankali. Amma da yake da sanyi da gas, sai ya wuce ba ka ji ba. Kuma abin sha ba ya ƙosar da mutum yadda abinci ke yi, shi ya sa bayan ka sha za ka ci abincinka daidai yadda ka saba.

Wannan lissafin ɗan aji ɗaya na ƙaramar sakandare zai iya yin sa. Ku juya bayan roba ko leda ku nemi inda aka rubuta yawan sukari, ku gwada. Ku gwada da lemon malt ma, wanda ake haɗawa da madarar gwangwani a ba mai jego ko marar lafiya wai don ƙarin jini. Za ku ga sukarinsa ba ya kasa na lemon kwalba. Abin da ke ƙara jini yana cikin hanta da nama da wake da ganye.

Kada kuma a ce na gida duk lafiya lau ne. Zoɓo da kunun aya da kunun zaƙin da ake ƙullawa a leda, sau da yawa sukarin da ke ciki ya kai na kanti, domin mai sana'a ta san in bai yi zaƙi ba ba za a saya ba. Haka shayin mai shayi, haka fura in aka dama ta da sukari cokali-cokali. Bambancin shi ne na gida a hannunmu yake. Ana iya rage sukarin kaɗan-kaɗan, harshe yana sabawa cikin 'yan makonni.

Gwamnati ta ɗan taɓa maganar. Dokar kuɗi ta 2021 ta sanya harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi, aka fara karɓa a 2022. Wato naira 5 a kan robar 50cl. A ganina wannan ba zai hana kowa saye ba, an dai nuna an san da matsalar. Ƙasar Meziko ta sanya nata harajin a 2014 kuma saye ya ragu, Chile kuwa tun 2016 ta tilasta wa kamfanoni manna baƙin tambari a gaban duk abin da sukari ko gishiri ko kitse ya yi wa yawa, yadda ko wanda bai iya karatu ba zai gane. Irin wannan tambari ne zai fi yi wa iyayenmu amfani. Kafin a samu, ku ne tambarin.

Ita taliyar leda, wadda kowa ke kira indomi, an riga an soya ta da mai tun daga masana'anta, kuma ɗan ƙullin sinadarin da ke ciki gishiri ne ya fi yawa. Babban mutum ma bai kamata ya wuce giram 5 na gishiri a rana ba. Ba na cewa haramun ce. In za a dafa wa yara, a zuba rabin sinadarin, a yanka alayyahu ko kabeji ko zogale a ciki, in da hali a fasa ƙwai. Matsalar ita ce ta zama abincin safe da na dare, ita kaɗai.

Sha ka fashe

Akwai wata ƙofar da ba ta shafi abinci ba, kuma 'yan uwana mata ta fi shafa. Saboda ana yi wa siririyar yarinya gori, ana ce mata sanda ko tsinke, ana cewa ba za ta yi kyau da kayan biki ba, wasu 'yan mata kan sayi ƙwayoyin da ake kira sha ka fashe. Wasu ƙawaye ne ke nuna musu, wasu kuwa a gida ake ba su in biki ya matso. Har jarirai akan ɗura wa na ruwa don su yi ɓul-ɓul.

Galibi magunguna biyu ne. Na farko deksametason, wanda ake taƙaitawa a ce deksa. Magani ne mai ƙarfi da likita ke bayarwa don kumburi da asma mai tsanani da wasu cututtuka, na ɗan lokaci kuma da awo. Idan aka daɗe ana sha, yana sa jiki ya riƙe ruwa da gishiri, fuska ta yi zagaye kamar faranti, kitse ya taru a ciki da bayan wuya, hannu da ƙafa kuwa su sirance. Yana ɗaga sukarin jini da hawan jini, yana raunana ƙashi, yana karya garkuwar jiki ta yadda ƙaramin ciwo zai zama babba, yana sa fata ta yi nankarwa, ga yara kuma yana tauye tsawo. Na biyu siproheptadin, maganin ƙaiƙayi da atishawa ne wanda ke buɗe ciki ya kuma sa barci. Ɗalibar da ke shan sa za ta yi ta gyangyaɗi a aji, malami yana zaton lalaci ne.

Abin da ya kamata a riƙe da kyau: wadda ta daɗe tana shan deksa kada ta yanke shi rana ɗaya. Jiki yana da wani sinadari nasa mai irin wannan aiki, kuma in an daɗe ana sha daga waje sai ya rage yin nasa. Yankewa farat ɗaya na iya jawo jiri da amai da faɗuwar jini, har a rasa rai. A je asibiti a faɗi gaskiya, likita zai rage shi sannu a hankali. Babu abin kunya a ciki, sun saba gani.

Kumburi daban, ƙiba daban

Wani kuskuren da ke cin rayukan yara shi ne a ga yaro ya kumbura a ce ya yi ƙiba. Akwai nau'in tamowa da ke sa ƙafafu da fuska su cika da ruwa, gashi ya yi ja ya yi laushi, yaro ya daina wasa. Wata likita mai suna Cicely Williams ce ta bayyana shi a rubuce a shekarun 1930 a ƙasar da yanzu ake kira Ghana, ta kira shi da sunan da mutanen wurin ke kiran sa, kwashiyoko. Gwajinsa ba ya buƙatar na'ura. Ka danna bayan ƙafafun yaron biyu da babban yatsa, ka ƙirga daƙiƙa 3, ka ɗaga. In ramin ya zauna a ƙafafun biyu, a kai shi asibiti a ranar.

A asibitocin sha-ka-tafi akwai wani ɗan zare mai launi uku da ake zagaya damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5. Ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani. Irin waɗannan yara ake ba lallausar gyaɗar nan ta cikin leda. Magani ce, kowace leda tana da kalori kusan 500. Idan aka raba ta da yayye masu lafiya ko aka sayar a kasuwa, an cuci mai ita, kuma an ɗura wa mai lafiya mai da sukarin da ba ya buƙata.

Shi kuma nauyin da ya wuce kima, ga manya ana raba nauyi na kilo da tsawo na mita sau biyu. In sakamakon ya kai 25 nauyi ya fara yawa, in ya kai 30 teɓa ce. Amma wannan awo ba ya aiki kai tsaye a kan wanda bai gama girma ba, sai an duba jadawalin shekaru da jinsi. Don haka kada ɗalibi ya yanke wa kansa hukunci, balle ya shiga ƙin cin abinci ko shan shayin rage ƙiba. Mai girma yana buƙatar abinci. Kuma masu tsokanar ɗan ajinsu da ɗan lukuti ko buhu su sani ba taimakonsa suke yi ba. Wanda ake yi wa dariya a fili, filin yake bari.

Abin da ke kusa da hannu

Daɗin abin shi ne maganin ba sai an je kanti ba. Da kuɗin da za a sayi lemo da biskit ana iya sayen dafaffiyar gyaɗa ko gurjiya, ko awara, ko ƙosai, ko kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli. Ɗanwake da alale da dambu da faten wake duk sun fi fanke da cincin riƙe ciki. Lokacin mangwaro a sha mangwaro, lokacin gwaiba a ci gwaiba, ga yalo da kankana da goruba da magarya da ɗinya. Gero da dawar da ba a surfe su fes ba sun fi farar shinkafa da burodi amfani, domin dusar nan da muke zubar wa awaki tana hana sukari hawa jini da sauri. Daddawa na rage buƙatar dunƙulen ɗanɗano. Ƙishirwa kuwa ruwa ne maganinta.

Ga jarirai, shawarar likitoci ita ce nonon uwa zalla har wata 6, ko ruwa ba a ƙarawa, sannan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara 2, abin da ya zo daidai da abin da muka koya a Islamiyya. Kunun yaye ya zama mai kauri, a haɗa gero da waken suya da gyaɗa. Yaron da bai kai shekara 2 ba kada a ba shi lemo ko kaɗan, ko na kwalba ko na leda. Harshen da ya saba da zaƙi tun yana goye, da wuya ya yarda da miyar kuka daga baya.

Motsa jiki kuma, minti 60 a rana ake so ga mai shekara 5 zuwa 17. Ɗalibin da ke takowa daga ƙauye ko ke zuwa gona da ɗibar ruwa ya riga ya biya wannan bashi. Waɗanda abin ya shafa su ne yaran da suka koma ɗaki ɗaya a birni babu tsakar gida, da waɗanda waya ta zaunar, da 'yan mata. Da yarinya ta fara girma sai a ce langa da tsallen igiya da gaɗa sun wuce ta, a makarantu da dama kuma darasin wasanni a jadawali kawai yake. Makarantar 'yan mata mai katanga ba ta da uzurin hana ɗalibanta gudu da ƙwallo a ciki. Wannan magana ce da shugabannin ɗalibai za su iya kai wa shugaban makaranta cikin ladabi.

Yadda za a faɗa a gida

Yawancin bayanan lafiya da Turanci ake buga su, a manna a bangon asibiti. Uwar da ba ta yi boko ba, ko baƙuwar da Barbarci ko Fillanci ta fi ji, za ta wuce su kamar ado. Baƙo kuma yakan ji nauyin tambaya, wani ma bai san awon yara da riga-kafi a asibitin gwamnati sun shafe shi ba, yana zaton na 'yan gari ne. A gidaje da yawa a Gaya da Ajingi ɗan sakandare shi ne mai karanta takardar magani, shi ake aika kanti, ita ke goyon ƙani tana ba shi abinci. Ke nan saƙon ta hannunku zai bi, ko ya tsaya.

Sai dai akwai yadda ake faɗa. Wanda ya shiga gida yana cewa, "An ce a makaranta abincinku ba kyau," ya gama ɓata zancen. Uwar da ta sha wuya kafin ta ɗora tukunya ba ta buƙatar gori. Gara ki ce, "Inna, bari yau in tsinko zogale a zuba a taliyar nan." Gara ka ce wa yayanka mai shirin dawowa daga cin rani, "Yaya, in za ka taho wa su auta da tsaraba, a haɗo da dabino da kifi busasshe." Kaka kuwa ta fi sauƙi, tunda akwai wasa tsakani. Ka ɗauko sukari ka auna cokali 12 a faranti a gabanta, ka ce, "Tsohuwa, ga abin da kike ba mijin naki a roba ɗaya." Za ta kore ka da zagin wasa, amma ta gani.

In kuma akwai sababbin maƙwabta da suka zo daga nesa, ɗiyarsu da kuke aji ɗaya ita ce hanya. Ku raka ta da mahaifiyarta asibiti ranar awo. Sau biyu a shekara ana gudanar da makon lafiyar mata da ƙananan yara, inda ake ba da bitamin A da maganin tsutsar ciki kyauta, ku sanar da su in lokacin ya zo. Ku ce su riƙe katin riga-kafin yaron, domin a jikinsa akwai jadawalin girma mai layuka. Duk zuwa, a roƙi ma'aikaciyar ta ɗora yaron a sikeli ta sa ɗigo a katin. In ɗigon yana bin layi yana hawa a hankali, lafiya. In ya kwanta ko ya gangara, ko ya yi tsalle ya haye layukan sama cikin 'yan watanni, a tambaye ta dalili kafin a bar wurin.